Mahaucin da Ya Taɓa Zama Yarima

Wata rana da hantsi, wani saurayi ya shigo layin mahauta cikin farar shadda, ya ɗage ƙafar wando, yana tsallake ruwan wankin nama kamar ba a nan ya koyi tafiya ba.

Sunansa Jazuli. Ya karanta haɗa magunguna, yana aiki a Kaduna. 'Yan layin Likita suke ce masa, wasu don girmamawa, wasu don tsokana. Wurin mahaifinsa ya zo.

Mahaifin, Alhaji Tsalha, yana tsaye bayan tebur yana raba tsoka da ƙashi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. In danginsu sun taɓa yin wata sana'a kafin fawa, ba wanda ya riƙe labarin.

"Baba, an sami matsala."

"Sun hana ka yarinyar?"

"A'a. Sun bayar."

Alhaji Tsalha ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya yi murmushi. "To Allah ya yawaita mana irin wannan matsalar."

"Ba ɗanka suka ba wa ba, Baba. Ɗan Yarima suka ba wa."

Murmushin ya koma inda ya fito.

Nan sai mun ɗan ja da baya, saboda waɗanda aka haifa bayan zamanin kaset.

Shekara kusan talatin da suka wuce, lokacin da ake yawo da fim gida-gida a cikin leda, an yi wani fim ɗin soyayya. Ba zan faɗi sunansa ba. Na san ku, yanzu sai ku tafi nema ku bar ni ina magana ni kaɗai.

A fada labarin yake. Yarima ya ga gimbiyar garin da suke gaba da shi, ya ce ita ko ba kowa.

Sarki ya ce bai yarda ba. Sai waƙa.

Waziri ya ƙulla makirci. Sai waƙa.

Aka kulle gimbiya a bene. Sai waƙa, ta taga.

Daga ƙarshe kowa ya gaji, aka sasanta, aka ɗaura aure, aka yi wata waƙar.

Wanda aka shirya zai fito a Yarima, ana gobe za a fara ɗauka ubansa ya ji labari, ya sa shi a mota ya tura shi Legas wurin kawunsa. Darakta ya shigo kasuwa ransa a ɓace, ya zo sayen naman da za a dafa wa ma'aikata. Ya tsaya gaban teburin su Tsalha, ya nemi ragi. Tsalha ya yi murmushi, ya ce babu.

Darakta bai sami ragi ba. Amma ya sami Yarima.

Aka aro alkyabba. Aka aro takobi. Aka aro soron wani attajiri, aka ce fada ce. Sannan aka ɗauko wani tsohon bafade ya zo ya naɗa rawani. Shi kuwa tsohon bai san wani abu wai shi wasa ba. An ce masa Yarima ne, sai ya naɗa masa rawanin 'ya'yan sarki, mai kunne biyu a tsaye.

Wanda bai sani ba ya sani yau: kunne biyu ba ado ba ne. Shaida ce. Ba ka fito da su a kanka sai in jinin gidan yana jikinka.

Fim ya fita, ya karɓu. Mata suka haddace waƙoƙin. Aka riƙa sa wa jarirai sunan gimbiyar.

Ran da Tsalha ya dawo gida, ubansa ko kai bai ɗaga ba.

"An gama sarautar?"

"An gama, Baba."

"To ga sa can yana jiran fiɗa."

Nan harkar fim ɗinsa ta tsaya. Ya koma bayan tebur, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya je Makka, ya sayi firiza manya-manya. A layin, in an so a ji bakinsa sai a kira shi Yariman kaset, shi kuma ya ce, "Kawo gaisuwa tukuna."

To, mu dawo kan Jazuli.

Yarinyar da yake so sunanta Rumasa'u, 'yar wani tsohon gida a cikin birnin Zariya. Gidan karatu ne, gidan alƙalai. Suna da wata doka da suka gada: ba a ba mahauci, ba a ba maƙeri, ba a ba maroƙi.

Kada ku tambaye ni ayar. Na nema, ban samu ba. Su ma ba su ce akwai ba, cewa suka yi haka suka tarar.

Nama kuwa suna ci kullum.

Mai gidan a zahiri Baffa Ilu ne, yayan mahaifin yarinyar, kuma shi ne waliyyinta. Mai gidan a gaskiya uwarsa ce, Hajiya Tabawa. Ta haura saba'in. In ta yi gyaran murya, maza masu furfura sai su fara duba ko sun yi laifi.

Rumasa'u ta kai mata hoton bikin kammala karatun Jazuli a waya, don ta ga wanda ake magana. Tsohuwa ta jawo wayar har kan hancinta. Ba ta ko kalli angon ba. Dattijon da ke tsaye kusa da shi yana murmushi ta zuba wa ido.

"Innalillahi! Wannan ai Yarima ne!"

Ashe tana da kaset ɗin tun fitowarsa. Da bidiyonta ya mutu, jikoki suka nemo mata fim ɗin suka zuba a waya. Ta san inda ake kuka, ta san inda ake tsayawa a sha ruwa.

Ta tara 'ya'yanta ta ce ba sai an yi bincike ba, ita ta san gidan.

Baffa Ilu ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, fim ne fa."

"Fim ko ba fim ba, kai ka taɓa ganin talaka ya naɗa kunne biyu ya kwana lafiya? Da ba jininsu ba ne, ai da dogarai sun kwance masa shi a gaban kyamarar."

Hujjar tana da ɗan rauni. Sai dai ba a taɓa cin Hajiya a muhawara ba, domin ita ce mai muhawarar, ita ce kuma alƙalin.

Abu ɗaya ta nema. Kafin a sa rana, uban ango ya zo da kansa ta gan shi. An ce mata uba ba ya zuwa, 'yan'uwansa yake turawa. Ta ce ta sani, ita ta ce ya zo.

Wannan saƙon Jazuli ya kawo layin mahauta.

"Ita yarinyar ta san sana'ata?" in ji Alhaji Tsalha.

"Ta sani tun ranar farko. Ba ta damu ba. Ita ce ma ta ce in roƙe ka."

"Ka roƙe ni me?"

"Ba ƙarya na ce ka yi ba, Baba. Wallahi ba ƙarya ba. Shiru kawai. Ka je, ka gaishe ta, ka yi murmushi, mu dawo. In an ɗaura aure shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ran suna fa? In tsaya ina kallo wani ya ɓata fatar ragon jikana, in yi kamar ban iya ba?"

"Baba…"

"Baffanninka fa? In ce musu su zo ɗaurin aure amma su bar hannuwansu a gida? Kana ganin hannun mahauci yana ɓoyuwa?"

Jazuli ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Baba, ban taɓa roƙonka wani abu babba ba. In ka faɗa musu, sun hana ni. Ni kuma ita nake so."

Alhaji Tsalha ya ɗauki wuƙar da ya wasa da safe ya sake wasa ta.

Shi ma ya san ba wasa yaron yake yi ba. Ya ga yadda ya rame. Ya ga yadda in wayarsa ta yi ƙara yake miƙewa tsaye kafin ya amsa. Kuma a ransa ya san abin da ake nema wurinsa ba wuya ne da shi ba. Ya taɓa yi, har an yaba.

"Zan je," ya ce.

"Za ka yi shiru?"

"Na ce zan je, Likita."

Ranar tafiya Jazuli ya zo da sabuwar babbar riga mai aiki har gwiwa, ya ajiye a gefen gado. Alhaji Tsalha ya duba ta, ya yaba ɗinkin, ya saka kayansa na Juma'a da hularsa.

Sannan ya sa aka ɗora kula a bayan mota. A ciki cinyar bijimi ce guda, da hanta, da tantaƙwashi wankakke tas.

"Baba, turare ake kai wa irin wannan gidan."

"Turare sayowa zan yi. Wannan ni na yanka."

Suka isa bayan azahar.

Hajiya Tabawa ta sa an shimfiɗa sabuwar darduma. Falo ya cika da hayaƙin turaren wuta har ana neman hanya da hannu. Tsofaffin unguwa sun zo sun cika tsakar gida, kowacce ta ce wucewa take yi ta leƙo. Baffa Ilu yana gefe a zaune, Jazuli ya rakuɓe a bakin ƙofa.

Alhaji Tsalha ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga.

Sai tsohuwar nan, wadda gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, ta dafa kujera ta fara zamewa ƙasa, ta dunƙule hannu ta ɗaga.

"Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamanin Yarima."

Gaskiyar magana, har bakin ƙofar falon nan Alhaji Tsalha bai gama yanke shawara ba. A hanya ya yi ta saƙawa yana kwancewa. Ya ce wa kansa wataƙila ba za ta tambaya ba. Ya ce wa kansa murmushi ai ba rantsuwa ba ne.

Amma ga sa'ar uwarsa tana neman durƙusa masa.

Ya riga ta kaiwa ƙasa. Ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa dardumar.

"Hajiya, don girman Allah ki koma ki zauna. Ni mahauci ne."

Ta yi dariya, ta waiwayi ɗanta. "Ka ji 'ya'yan sarki da tawali'u ko?"

"Ba tawali'u ba ne, Hajiya. Sana'a ce. Ubana mahauci ne, kakana mahauci ne. Ga hannuna."

Ya buɗe tafin hagu. Ba sarari a jikinsa sai tabo kan tabo.

A tsakar gida, masu wucewa suka fasa wucewa.

Hajiya ta koma kan kujerarta a hankali.

"Rawanin fa?"

"Aro ne."

"Kunne biyun?"

"Wani tsoho ne ya naɗa min. An ce masa Yarima, bai tambayi na ina ba."

"Alkyabbar?"

"Aro."

"Fadar?"

"Soron wani mai sayar da ƙiraga ne. In kin lura ba a taɓa nuna ɓangaren hagu ba. Fatu ne a jibge."

Sannan ta yi tambayar da ta fi tsoro.

"Waƙar fa? Wadda ka yi a ƙasan bene?"

"Wani malamin firamare ne ya rera. Ni baki kawai nake motsawa. Ni in na yi waƙa, Hajiya, shanu tsinke igiya suke."

"To kai mene ne naka a fim ɗin nan gaba ɗaya?"

Ya yi tunani da gaske.

"Wushiryar, Hajiya."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa Ilu dai tari ya kama shi, ya juya wa bango fuska har ya lafa.

Alhaji Tsalha ya nuna bakin ƙofa.

"Sai kuma wancan yaron. Shi ba aro ba ne. Da wuƙa na ciyar da shi, da wuƙa na yi masa karatu, kuma ba na jin kunyar ko ɗaya. Na ji an ce kin hana a yi bincike. Ina roƙon a yi. A aika layin mahauta, a tambayi masu sona da maƙiyana. In kun ba shi, ku san wanda kuka ba. In kun hana shi, ku san wanda kuka hana."

Hajiya Tabawa ta dube shi ta dube shi. Ba ta kiran ɗanta na fari da suna, sai ta ce:

"Baffan yara, raka baƙi."

Ko ruwan da aka kawo ba su sha ba. Kular nama suka bari a zaure.

Suka shiga mota suka kama hanya. Sai da suka fita gari Jazuli ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Baba, ka gama da ni."

"Mai yiwuwa."

"Shiru fa kawai na ce."

"Na ji. Ka ga tsohuwar nan tana neman durƙusawa?"

"Na gani."

"Da na bar ta ta kai ƙasa, da yau ka sami mata. Amma da ka rasa uban da za ka iya nunawa."

Jazuli ya sauke shi a ƙofar gida, ya wuce Kaduna, ko shiga gaida mahaifiyarsa bai yi ba.

Nan ne masu irin wannan rubutu suke cewa washegari aka kira dattijo aka ba shi haƙuri da hawaye.

Ba a kira ba.

Sati ya wuce. Wani ya bi bayansa. Jazuli ya daina zuwa gida, in ya kira waya uwarsa yake nema. Uwar kuma ta daina sa wa Alhaji yaji a tuwo, wanda a gidan nan babban hukunci ne.

Shi kuwa kullum yana bayan tebur. Bai ce ya yi nadama ba. Bai kuma ce bai yi ba. Abokan sana'a dai sun lura ya rage faɗa da masu neman ragi, alamar mutum ba shi da lafiya.

Rannan sai ga wasu mutum biyu a layin, da takalma masu sheƙi, suna taya nama ba sa saye. Mahauta ba yara ba ne. Wani ya ɗaga murya:

"Yariman kaset! Ga 'yan bincikenka sun iso, a ba su kujera!"

Mutanen suka daure. Suka tambayi liman. Suka tambayi mai shayi. Suka tambayi matan da ke sarin nama don abincin sayarwa. Daga ƙarshe aka nuna musu wani mahauci da suka shekara ba sa gaisawa da Alhaji Tsalha, aka ce in aibu kuke nema ga mai ajiyarsa.

Mutumin ya soka wuƙa a katako.

"Tsalha? Bakinsa ba daɗi. Ba ya ragi ko uwarsa ce ta zo. Yana da girman kai kamar shi ya ƙirƙiro shanu."

Suka gyara tsayuwa.

"Amma bai taɓa sayar da mushe ba. Bai taɓa cusa wa mace ƙashi a ƙarƙashin tsoka ba. In dabba ba ta da lafiya ko nawa ya saye ta rami yake haƙa mata. Ku rubuta haka, kada kuma ku ce ni na faɗa."

Suka tafi. Aka sake yin shiru.

Sai wata Laraba Baffa Ilu ya kira, ya ce Hajiya tana son ganin Alhaji. Shi kaɗai.

Alhaji Tsalha ya shiga motar haya ya tafi, bai gaya wa Jazuli ba. In hani ne, gara ya fara jin sa shi kaɗai.

Wannan karon ba darduma, ba turare, ba masu wucewa. Tana zaune kan tabarma a inuwar tsakar gida, waya a cinyarta. Baffa Ilu yana tsaye daga nesa.

Alhaji Tsalha ya tsuguna ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice.

"Na sake kallon fim ɗin."

"Allah ya ba da haƙuri, Hajiya."

"Wurin da ka zare takobi za ka sari Waziri." Ta ɗaga hannu ta kwatanta. "Riƙon wuƙar fiɗa ka yi masa. Yatsa a bayan kaifi. Shekara da shekaru ina kallo ban lura ba."

"Darakta ma ya yi ta faɗa. Hannun ne ya ƙi."

"Na ji haushinka, Alhaji. Har yanzu ban gama ji ba. Ka shigo har ɗakina ka kashe min Yarima, ka bar min nama a zaure."

"An ci dai ko?"

"Wannan ba ruwanka."

Baffa Ilu ya dubi sama, kamar mai neman hadari.

Tsohuwa ta kife wayar a kan tabarma.

"Na aurar da 'ya'ya, na aurar da jikoki, ban san iyakarsu ba. Duk wanda ya zo neman aure gidan nan sai ya ƙara wa kansa tsawo. Mai tebur ya zama ɗan kasuwa. Masinja ya zama ma'aikacin gwamnati. Akwai wanda ya ce mana kakansa waliyyi ne, daga baya muka ji ko garinsu ba a san kabarinsa ba. Duk mun ba su, don sun faɗi abin da muke son ji. Wasu auren suna nan, wasu mun je mun kwaso kaya."

Ta nuna shi da yatsa.

"Kai kaɗai ne aka ba ka tsawo kyauta, ka zo ka rage wa kanka."

Alhaji Tsalha ya ɗago kai ya dube ta ido cikin ido, abin da bai yi ba tun shigowarsa.

"Ban rage ba, Hajiya. Tsawona ke nan."

Kaza ta zo ta wuce tsakaninsu.

"Baffan yara."

"Na'am, Hajiya."

"A sa rana."

Baffa Ilu ya matso, ya rage murya. Shi ba ƙi yake yi ba, amma shi ne zai fuskanci dangi.

"Hajiya, al'adar gida fa? Za a yi magana."

"Wa ya kafa ta?"

"Kakanni."

"To ni ma kaka ce. Na sauke."

Alhaji Tsalha ya yi godiya yadda ya kamata, bai zarce ba. Ya fito zaure, ya saka takalmi, ya ciro waya. Ya kira ɗansa.

Jazuli ya ɗauka a ƙara na ƙarshe.

"Salamu alaikum, Baba."

"Likita. Ka gaya wa baffanninka su shirya. Za su kawo goro Zariya."

Sai Alhaji ya ji wani sauti da ba a koyarwa a jami'a.

"Baba… sun san komai?"

"Har da abin da kai ba ka sani ba."

"Baba, ka yafe min."

"Ka zo gida ka faɗa. Uwarka tana horar da ni a kanka."

An ɗaura aure bayan Sallah. Mahauta suka cika mota biyu suka zo da masu kalangu, suka yi abin da tsohuwar unguwar nan ba ta taɓa gani ba a ƙofar gidan alƙalai. Alhaji Tsalha ya tsaya a sahun gaba da hularsa, yana karɓar hannun mutane da hannunsa mai tabo.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Ɗaya daga cikin ƙannen Baffa Ilu ya ce shi ba zai halarci rushewar gidansu ba, ya kulle ƙofarsa.

Da la'asar ya aiko da kwano.

An cika masa.

Darasi:

Ba zan ce muku gaskiya kullum tana biya ba. Na ga inda ta ci wa mutum aiki, na ga inda ta ci masa aure. Da Hajiya ta ce a'a, da ba ku ji wannan labarin ba, kuma da Alhaji Tsalha bai yi kuskure ba duk da haka.

Abin da aka ba ka don an zaci kai wani ne, ba kai aka ba ba. Riƙo kake yi, kuma kullum kana tsoron ranar da za a gane.

Sana'ar da ta ciyar da kai halal ba abin rufewa ba ce. Wanda ya haife ka ya tsaya a rana don ka zauna a inuwa, kada ka roƙe shi ya yi shiru a kan ko shi wane ne.

Ku kuma masu dokar "haka muka tarar", wani ne ya fara ta. Wani ma zai iya tsayar da ita, kuma ba lallai sai ya haura saba'in ba.

Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin zuwa gaida surukai da tarihin da ya yi wa gyara. Ba sai kun ambaci sunansa ba.

Zai gane.